Makarantar Damina ta Malam Safiyanu

Ƙanena Safiyanu ya rasu bara, bayan babbar salla. A wurin zaman makoki mata suna ta cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri. Gaskiya ne, amma haka ake faɗa a kan kowace gawa, har ta wanda ya addabi unguwa. Ba wadda ta ambaci aikinsa, domin abin da mutanen Yerimaram, unguwarmu a Potiskum, suka riƙe shi ne an kore shi daga koyarwa, wai ya shekara da shekaru yana cin albashi a makarantar da ba ta da ɗalibi ko ɗaya. Ni na goya shi a bayana, kuma ina wurin ranar da abin ya lalace. Ga yadda aka yi.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari. Ita Babarbariya ce, mahaifinmu kuwa manomi ne daga cikin Ngizimawa. Ni aka kai sakandaren 'yan mata, shi ya shiga kwalejin horon malamai. Ba wani haziƙi ba ne. Yana da jinkirin fahimta, amma in abu ya shiga kansa ba ya fita, ko da abin zai cuce shi. Fillanci ya tsinta a Kasuwar Shanu tun yana saurayi, wajen yawon kallon ciniki, har ya iya shi fiye da yaren ubansa.

Da gwamnati ta fito da makarantun makiyaya, malaman gari kowa ya noƙe. Safiyanu ya ce a tura shi. Aka gina masa aji biyu da rufin kwano can bayan Yindiski da ke gefen gari, kusa da mashekarin Arɗo Bubayaro, wato inda shi da jama'arsa suke sauka da shanunsu su yi damina. Aka ba shi benci, aka ba shi alli, aka ba shi makulli.

Abin da masu ginin ba su duba ba shi ne lokacin da masu makarantar suke nan. Mutanen Arɗo suna isowa ne da ruwan farko, daidai lokacin da makarantu ke shirin rufe shekara. Kafin su gama kafa bukkoki an ba da dogon hutu. In an dawo hutu, 'yan makonni ne shanu su cinye karan gero, tafkuna su ƙafe, su ɗaure kaya su yi kudu. Shekarar farko Safiyanu ya bi doka. Ya yi rani cur yana zaune shi kaɗai a aji, da damina ta kankama yara suka cika wurin, ya rufe ƙofa ya dawo gida hutu.

Shekara ta biyu ya juya abin. Ya mai da hutun gwamnati lokacin karatunsa. Ƙanana yana ɗaukar su da hantsi bayan an gama tatsa, masu bin shanu kuma da la'asar in sun dawo kiwo. In rani ya yi sai ya rufe ajin. Wani lokaci ya hau babur ya bi su har inda suka sauka ya yi musu 'yan makonni, don kada abin da suka koya ya zube, wani lokaci ya zauna gida yana gyaran katanga.

Ba a ɓoye yake yi ba. Ya je ofis ya faɗa, ya sake faɗa. Kowane shugaba ya samu sai ya ce masa, "Ai ka kyauta, Malam, ci gaba." Na ce masa ya sa su rubuta masa hakan.

Ya ce, "Yaya, kowa fa ya sani."

Na ce, "Kowan nan naka zai yi ritaya, ko ya mutu."

Ya yi dariya ya ce na cika zargi. Na cika zargi, haka ne.

Tsakaninsa da Arɗo Bubayaro wasan Fulani da Barebari ne tun ranar farko. Arɗo dogo ne siriri, Hausarsa a karye, ba ya ɗaga murya. Yana kiran Safiyanu Modibbo, wato malam da Fillanci, amma in ya hango baburinsa sai ya ce da mutanensa, "Ga bawana ya iso, ku ba shi nono kada yunwa ta kashe shi a ƙofata." Safiyanu ya ce, "Bawa ne ke koya wa 'ya'yanka abin da kai ba ka sani ba? Tashi ka karɓi jakar ubangidanka." Haka suke har gashin kowannensu ya yi fari.

Sau ɗaya Safiyanu ya taɓa ƙirga yaran. A farkon zuwansa ne, ya jera su yana nuna su da yatsa. Wata tsohuwa da kowa ke kira Gogo, yayar Arɗo, ta taso daga gindin bishiya ta buge masa hannu da ludayi. Ta ce ba a ƙirga 'ya'ya, ba a ƙirga shanu, wanda ya ba da su shi ya san yawansu. Ya dawo gida yana ba mu labari yana dariya, yatsan a kumbure. Daga ranar bai sake ba. Ya san kowane yaro da sunansa da na uwarsa, ya san wanda bai zo ba, amma in ka tambaye shi su nawa ne sai ya ce suna da dama.

Ban ce ya fitar da likita ko alƙali ba. Bai fitar ba. Yaran da ke karatun wata uku ko huɗu a shekara ba sa zuwa ko'ina. Abin da na gani da idona shi ne 'yan mata masu tallar nono suna tsayawa a shagon maganin dabbobi suna juya kwalba, suna duba ko wa'adinta ya wuce. Na ga samari suna karanta takardar asibiti ba su roƙi kowa ba. Yana kuma koya musu tarihin wurin da suke zaune: wa ya haƙa rijiyoyin, ta ina burtali ya bi kafin gonaki su matse shi, yadda garin ya taso. Yakan kira tsofaffi cikin ajin su ba da labarin zamanin jangali, harajin shanu da aka soke tun ina budurwa. Wannan ne aikinsa, kusan shekara talatin.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Wanda ya zauna a Potiskum a lokacin ba ya buƙatar in ba shi labari. An rufe makarantu, an hana hawa babur, akwai damunan da mutanen Arɗo ba su zo ba sam. A damunan da suka zo, motoci sun shiga rugage an kwashi samari, wasu sun dawo, wasu har yau. Ɗan ƙanen Arɗo yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Da aka hana babur, Safiyanu yakan shiga keke napep zuwa Yindiski, ya ƙarasa da ƙafa cikin taɓo.

Bayan ƙura ta lafa, ofis ya cika da sababbin fuskoki. Waɗanda suka ce masa ci gaba duk sun tafi. Aka kafa kwamitin tantance ma'aikata, don a kama masu karɓar albashi ba aiki. Kuma akwai su, da yawa, na san wasu da sunansu. Kwamitin ya je makarantar Safiyanu a tsakiyar bazara, ana tsananin zafi. Suka tarar da ƙofa a kulle, gara ta hau bango, ba ko sawun mutum. Aka dakatar da shi. Saura kaɗan ya yi ritaya.

Ba albashin ne ya fi cin ransa ba, ko da yake matarsa Basira ba za ta yarda da wannan magana ba. Sunansa ne. An karanta shi cikin jerin ma'aikatan bogi, a masallacin unguwa mutane suka fara gaishe shi a gurguje. Yaran layinmu suka sa masa Malamin Aljanu.

Shugaban kwamitin, Muhammadu Lawan, ajinsu ɗaya a kwaleji. Na raka Safiyanu gidansa, don na san in shi kaɗai ya je gaisuwa kawai zai yi ya taso. Muhammadu Lawan ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa.

Ya ce, "Safiyanu, tun muna makaranta kai ne mai yin abu a baibai. Yanzu har shekarar ma ka kifa?"

Safiyanu ya ce, "Ba ni na kifa ta ba. Ruwan sama ne bai san zangon karatu ba."

"To ni me zan gaya wa na sama da ni? In ce su tambayi ruwan sama?"

Na ce, "Ka gaya musu su je lokacin da yaran suke nan. Kai ma ɗan garin nan ne, ka san lokacin da Fulani ke sauka. Da bazara ka je neman su, sai ka ce baƙo."

Ya dube ni ya ce, "Hajiya Fanne, har yanzu bakin nan bai tsufa ba." Sannan ya ce zai riƙe rahoton, ya ɗauko kwamitin su koma cikin watan Agusta, ko da yake hutu ne kuma ba wanda zai gode masa. Ya ce, "Sau ɗaya ne fa. In na ga yara a benci, na ƙirga su, an ɗauki hotonsu, na wanke ka. In ban gani ba, kada ka ƙara zuwa gidana da wannan magana."

Ya cika alkawari, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba.

Da mutanen Arɗo suka sauka, Safiyanu ya je ya zauna da shi ya warware masa komai. Ya gaya masa ranar, ya gaya masa mutanen gwamnati za su zo da mota, za su ƙirga yaran, su rubuta sunayensu, su ɗauki hoto. Ya gaya masa aikinsa da mutuncinsa suna rataye a kan wannan. Bai rage komai ba. Arɗo ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Modibbo, Allah ya sa a yi lafiya." Ya sa aka dama masa fura.

Mutumin da ya yi shekara talatin cikinsu ya kamata ya san Arɗo ba ya cewa a'a a fuskar baƙon da ke zaune a tabarmarsa. Ya sani ma. So ne kawai yake yi abin ya yiwu, sai ya dawo gida yana cewa an gama.

Ranar Safiyanu ya ce in zo in gani da idona. Muka tafi da sassafe, ni da shi da Basira, ta dafa shinkafa da kaji don baƙi. Ya sa farar rigarsa ta salla. Ya share ajin da kansa, ya jera benci, ya rubuta kwanan wata a allo. Gero ya kai kafaɗa ko'ina, ƙasa a jiƙe.

Hantsi ya yi, ba yaro. A ruga ba kukan ɗan maraƙi, ba ƙarar turmi. Tsofaffin mata ne kawai a bakin bukkoki, sai Arɗo a tabarmarsa da sandarsa a gefe. Ko jariri ban gani a bayan kowa ba. Safiyanu ya je ya durƙusa gabansa suna magana da Fillanci. Ban ji me suke cewa ba.

Motar ta iso. Mutum huɗu suka fito, ɗaya yana riƙe da waya don hoto. Muhammadu Lawan ya leƙa ajin, ya fito, ya nufi Arɗo ya gaishe shi da ladabi.

Ya ce, "Baba, ina yaran makaranta?"

Arɗo ya ce, "Suna inda shanu suke."

"Shanun suna ina?"

Ya ɗaga hannu ya nuna gabas, ya zagayo da shi har yamma.

"To su nawa ne, yaran naku?"

"Allah ya san su."

Wani matashi cikin kwamitin ya juya wajen Gogo, wadda a lokacin ta tsufa tukuf, ya ɗaga murya kamar kurma yake wa magana. "Iya, akwai yara a nan masu zuwa makaranta?"

Ta ce, "Babu yaro a nan. Mu tsofaffi ne."

Safiyanu ya ce, "Gogo, ki ji tsoron Allah. Jikokinki a hannuna suka koyi rubuta sunansu."

Ta kau da kai tana gyara ƙwarya.

Arɗo ya ce da Muhammadu Lawan, "Modibbo mutumin kirki ne. Ka rubuta wannan. Ka ce ni Bubayaro na faɗa."

Muhammadu Lawan ya ce, "Baba, ba a ba ni wurin rubuta wannan ba."

Suka jira har azahar. Suka yi salla a gindin bishiya, ba wanda ya taɓa abincin Basira. Da za su tafi Muhammadu Lawan ya ja Safiyanu gefe, amma ina jin su. Ya ce, "Na san ba ƙarya kake ba. Ga kashin shanu ɗanye, ga ƙananan takalma a bakin bukka. Amma mutum uku ne tare da ni, kuma benci suka gani. Me kake so in rubuta?"

Ƙarar motar ba ta daɗe da ɓacewa ba gero ya fara motsi. Yara suka riƙa fitowa daga cikinsa, ƙanana da manya, 'yan mata da goyon ƙannensu, ƙafafu duk taɓo. Suka shiga ajin suka zauna, kowa a wurin da ya saba. Har benci bai ishe su ba. Wata 'yar ƙarama ta ce, "Modibbo, yau ba karatu?"

Ni ban iya shiru ba. Na je na tsaya a kan Arɗo, ban durƙusa ba. Na ce, "Ka san abin da ka yi wa mutumin nan yau?"

Ya ce, "Na sani, Hajiya."

"Ka sani, ka yi?"

Ya ce, "Ina yaro aka zo aka ƙirga shanun ubana, aka kora waɗanda aka ga dama. Ɗan ƙanena, da mota aka zo, aka tambayi sunansa aka rubuta. Uwarsa ga ta can. Waɗannan na yau wataƙila mutanen kirki ne. Amma hoton in ya tafi, hannun wa zai faɗa? Ke kin sani? Modibbo ya sani?" Ya gyara zama. "Aikin Modibbo ya tafi, Modibbo yana nan, ina ganinsa. Zan ba shi saniya mai ciki."

Na ce, "Saniyarka za ta je masallaci ta gaya wa mutane ba ɓarawo ba ne?"

Amma ban ce Arɗo ba shi da hujja ba. Yana da ita, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Safiyanu ya shiga ajin ya yi musu darasin ranar, da farar rigarsa. Muna zaune a waje ni da Basira muna jin muryarsa. Da ya gama ya raba musu shinkafar.

Kafin kaka aka sallame shi, aka karɓi makullin. Ya ɗaukaka ƙara, aka ce an rufe maganar. Basira ta koma sayar da ƙosai a ƙofar gida, shi kuma ya daina zama a majalisar layi, salla ma sai ya bari an tayar sannan ya shiga sahun baya.

Damina ta zagayo, Arɗo ya zo har Yerimaram. Bai taɓa shigowa gidan ba sai ranar. Ya zo da saniyar, da ɗan maraƙinta, aka ɗaure su a jikin dalbejiyar ƙofar gida, yaran unguwa suka taru kallo. Ina gidan. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Ya ce, "Bawana ya gudu daga aiki, na zo kama shi."

Safiyanu bai mayar da wasan ba. Ya ce, "Sannu da zuwa, Arɗo."

Arɗo ya ce yara suna tambaya. Ya ce ba sai da ajin gwamnati ba, ga inuwar bishiya, su za su riƙe shi da abinci da duk abin da yake buƙata.

Safiyanu ya ce, "Zan zo. Amma zan kira Muhammadu Lawan, ko ba kwamiti, ko shi kaɗai. Ya gan su, ya ƙirga su, ya faɗa a gaban mutane cewa suna nan. Ba don aiki ba, aiki ya wuce."

Arɗo bai ce a'a ba, amma duk mun san bai yarda ba. Basira ta kawo ruwa ya sha. Ya yi addu'a, ya tambayi lafiyar yara, ya yi sallama. Ya so ya bar saniyar, Safiyanu ya kwance igiyar da hannunsa ya miƙa masa. Basira ta yi kwana biyu ba ta yi wa mijinta magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Safiyanu bai ƙara taka rugar ba. Ciwon suga ya kama shi, ido ya fara tafiya, ya yi 'yan shekarunsa a zaure da rediyo.

Makarantar tana nan, ba a rufe ta ba. An yi mata fenti, an tura wani saurayi mai suna Modu, yaro mai ladabi, na san uwarsa. Yana zuwa kullum da rani a kan lokaci, ya buɗe ƙofa, ya zauna da wayarsa har a tashi. In an ba da dogon hutu ya kulle ya tafi gida. An je duba shi ba sau ɗaya ba, kuma ba a taɓa samunsa da laifi ba.